Hancin Sista Wilma

A sashen mata na gidan yarin, kowa ya san doka ɗaya game da Katinka Boersma: ki zo mata ta gaba, kada ki ɓullo mata ta baya, kada kuma hannunki ya taɓa jikinta. Tun ranar farko ake gaya wa sababbin fursunoni, haɗe da lokacin cin abinci da ranar wanki. Wadda ta manta kuwa, haƙorinta ne ke tuna mata.

Shekarunta talatin da bakwai, doguwa ce mai faɗin kafaɗa. Kafin a kawo ta, bakanikiyar manyan motoci ce a wani gareji da ke bayan garin Groningen. Wata rana tana sunkuye a kan inji, wani direba ya lallaɓo ya cafki ƙugunta, wai shi wasa yake yi. Sifana ce a hannunta. Sai da maza huɗu suka taru kafin su ɓamɓare ta daga kansa, kuma har yau da ido ɗaya mutumin yake gani. Alƙali ya ba ta shekara huɗu. Da ya tambaye ta ko tana nadama, sai ta ce tana nadamar sifanar, don mai kyau ce, ga shi 'yan sanda sun riƙe.

Abin da ba ta gaya wa alƙali ba shi ne, tana 'yar shekara goma sha tara wasu maza uku suka ritsa ta a bayan rumfar rawa, ranar bikin garinsu. Ba ta kai ƙara ba, ba ta kuma gaya wa ko mahaifiyarta ba. Ta dai koma gida ta yi wanka, tun daga ranar jikinta ya zama gona mai shingen ƙaya.

Mutum ɗaya take saurare a duk gidan, wata tsohuwa 'yar shekara hamsin da takwas da kowa ke kira Goggo Riet. Safarar ƙwaya ce ta kawo ta, kuma shigowarta ta uku ke nan. Tare suke aiki a ɗakin wanki, Riet na ninke zannuwan gado, Katinka na jan kwanduna tana gyara injin in ya ƙi tashi.

Wata Laraba bayan abincin rana aka ce kowa ya tsaya a ɗakin cin abinci, Sista Wilma za ta yi magana. Ita ce ma'aikaciyar jinyar gidan, gajeriya mai furfura, tabarau rataye da igiya a wuyanta. Ta ɗora hoton cikin mace a kan tebur, ta fito da wani abu mai baki biyu, ta matsa shi ya buɗe.

"Wannan shi ake kira bakin agwagwa," in ji ta. "Da shi nake buɗewa in ga bakin mahaifa, in shafo kaɗan da ɗan buroshi. Minti biyu, an gama."

"Sista, wannan ai na buɗe gwangwanin kifi ne!" wata ta faɗa daga baya.

Thea, wata mai jan gashi da bakinta ba ya shiru, ta ce, "Ni dai duk wanda zai zo min da wannan, sai ya fara kawo fure ya kai ni cin abinci."

Wuri ya ɗauki dariya. Sista Wilma ta bari suka gama, sannan ta ce, "Ku yi dariyarku, amma ku ji. Sankarar bakin mahaifa ba ta sallama. Wata ƙwayar cuta ce ke kawo ta, kuma kusan duk wadda ta taɓa kwanciya da namiji ta taɓa ɗaukarta. Yawanci jiki ne ke korar ta da kansa. In ta samu wurin zama kuwa, sai ta yi shekara goma ko sha biyar tana ɓarna a hankali, ba ciwo, ba ƙaiƙayi. In na gani da wuri, kankare wurin za a yi, shi ke nan. In kika jira sai jini ya zo, to, ta riga ki nisa. Tun kuna shekara talatin hukuma ke aiko muku da takardar gayyata duk shekara biyar. Wa ta taɓa zuwa?"

Cikin mata arba'in, hannu uku ne suka tashi.

"A fara da Goggo Riet," in ji Thea, tana toshe hanci. "Wata uku ke nan in ta wuce sai ka ce kifi ya kwana a rana."

Katinka ba ta san lokacin da ta miƙe ba. Farantinta na gabanta da sauran miyar wake mai zafi. Ta ɗauka ta maka wa Thea a fuska da gefensa, ta damƙi jan gashin ta buga goshinta da tebur sau biyu. Ƙawayen Thea suka yi kukan kura. Wata ta haye bayan Katinka ta shaƙe ta, ita kuwa ta ja da baya da gudu ta matse ta da bango har matar ta saki. Kujeru suka yi ta tashi sama, kofuna na fashewa, ƙararrawa na kuka. Kafin gandirebobi su raba su, miya da jini sun cakuɗe a ƙasa, hoton Sista Wilma ya sha tattaka.

Kwana uku Katinka ta yi a ɗakin horo. Da ta koma ɗakin wanki, ta tarar da Riet zaune a kan kwando, fuskarta fara fat kamar zanin da ke hannunta.

"Jarumar banza," in ji Riet. "Wa ya aike ki? Yarinyar nan gaskiya ta faɗa. Warin nan nawa ne."

Ta janyo wani zanin gado da ta tura a bayan injin, ta warware. Katinka ta ga jini da yawa a rayuwarta, amma sai da ta kawar da kai.

"Tun bara nake ɓoyewa. Shekara bakwai da daina al'adata, sai ga shi ya dawo. Jiya na je wurin Sista, ta duba, nan take ta ɗauki waya. Gobe za a kai ni asibiti." Riet ta yi wata 'yar dariya. "Takardun nan da take faɗa, guda shida suka aiko min. Da su nake kunna murhu."

"Za su yi miki magani, Goggo."

"Rufe min baki. Ke sau nawa kika je?"

Katinka ta juya ta kama jan kwando.

"Na sani. Na rubuta sunanki a takardar Sista, ranar Litinin ƙarfe goma. In na dawo na ji ba ki je ba, ko a keken marasa lafiya nake sai na karya miki ƙafa."

Ranar Litinin Katinka ta je. Ta tuɓe wando a bayan labule, ta hau gadon, ta ɗora ƙafafunta inda aka ce. Gumi ya jiƙe mata riga. Ta kafa wa fitilar sama ido tana ƙirga ƙusoshin da ke jikinta, ɗaya, biyu, uku, huɗu. Sista Wilma na ta hira, wai ruwan sama ya hana ta zuwa a keke yau. Sai ta ɗora tafin hannu a kan gwiwar Katinka ta tura ta gefe, ta ce, "Saki jikinki, 'yata."

Ɗakin ya ɓace. Katinka ta ji warin giya da ciyawa, ta ji kiɗa na tashi daga rumfar rawa, ta ji nauyi a kan ƙirjinta. Diddigenta ya tafi da kansa. Ta ji ƙarar kamar an taka busasshen icce. Sista Wilma ta yi baya ta faɗa kan teburin kayan aiki, ƙarafa suka watse, jini ya ɓalle mata ta hanci da baki, ya wanke farar rigarta har ƙasa.

Gandirebobi biyu suka banko ƙofa, ɗaya namiji ne. Ganin namiji a kanta ba wando ya ƙarasa kwance mata kai. Ta cije shi a dantse har haƙoranta suka haɗu, ta naushi ɗayar a maƙogwaro. Wasu huɗu suka shigo da garkuwar roba suka danne ta a ƙasa, gwiwa a wuya, gwiwa a baya, suka murɗe hannunta har kafaɗa ta yi ƙara. Tana ihu da wata irin murya da ita kanta ba ta san tana da ita ba. A haka suka ja ta a farfajiya, wata gandireba na bin su da bargo tana ƙoƙarin rufa mata jiki.

Kwana goma sha huɗu aka ba ta a ɗakin horo. Katifar roba, rigar da ba ta yaguwa, taga ɗaya can sama. Babu wanda ya gaya mata halin da Sista take ciki, ita ma ba ta tambaya ba, amma ƙarar nan ta busasshen icce ba ta bar kunnenta ba.

Da ta fito, sai ta ga sashen ya canja mata. Ba mai yi mata magana. A kan ƙofar ɗakin magani an manna takarda: an dakatar da gwajin bakin mahaifa sai abin da hali ya yi. Riet ba ta dawo ba.

Washegari da safe a ɗakin wanka suka tare ta, su biyar, Thea a gaba, tabon faranti na nan a kumatunta. Kowacce ta ƙulle gwangwanin kifi a cikin safa.

"Ba don fuskata ba ne," in ji Thea. "Kin san kwana nawa na yi ina tara ƙarfin hali kafin in rubuta sunana? Uwata da wannan ciwon ta mutu, shegiya. Ni ce ta biyu bayanki a layi. Ina zaune a benci na ga an fito da Sista kamar an yanka rago. Mu goma sha tara muka rubuta suna, kin rufe mana ƙofa."

Katinka ta dunƙule hannu, ta kai wa ta farko naushi a ciki har ta durƙushe. Ta ɗaga hannu za ta kai na biyu, sai ta tsaya. Ita ma ba ta san dalili ba. Ta dai sauke hannun.

Su kam ba su tsaya ba. Gwangwanin farko ya same ta a gira, fata ta dare. Na biyu a haƙarƙari. Ƙafarta ta zame a kan sabulu, ta faɗi, suka rufe ta da shuri, ciki, baya, kai. Ruwan famfo na zuba a kanta yana tafiya ja zuwa magudana. Sai da wata ta ce, "Ya isa, za mu kashe ta," sannan suka watse.

A ɗakin magani ta farfaɗo. Wadda ke tsaye a kanta na da filasta a gicciye a hanci, ƙasan idanunta biyu sun yi baƙi-baƙi da ruwan ɗorawa. Ranar ce Sista Wilma ta dawo aiki.

"Kin ga aikinki," in ji ta, muryarta na fita ta hanci. "Wuri biyu ya karye. Mijina ya ce na fi kyau a haka, amma shi tun can ba ya gani sosai." Ta ɗaga hannayenta biyu inda Katinka za ta gan su. "Girarki na son ɗinki biyar. Zan taɓa goshinki da hannun hagu. In taɓa?"

Katinka ta dube ta. "Ba ki tsorona?"

"Ina tsoronki mana, ni mahaukaciya ce? Shi ya sa nake tsaye ta wajen kanki, ba ta wajen ƙafa ba. In taɓa?"

"Taɓa."

Kafin kowane ɗinki sai ta faɗa, sai ta jira amsa. Da ta gama ta zauna a kan kujera nesa kaɗan.

"Abin da kika yi min laifi ne, kuma za ki amsa shi a gaban alƙali, ba zan yi ƙarya don in kare ki ba. Amma ni ma na yi wauta. Shekara ashirin da biyu ina aikin nan, na ga rigarki ta jiƙe, na ga yadda kike kallon sama, na ci gaba da surutun keke. Ya kamata in tsaya in tambaye ki." Ta gyara filastar. "Ba sai kin ba ni labari ba. Wani ya taɓa yi miki ƙarfi?"

Katinka ta ɗaga yatsu uku. Shi ke nan abin da ta iya.

Sista Wilma ta gyaɗa kai, ba ta ce "ayya" ba, ba ta kuma matso ba. Ta buɗe durowa ta fito da wani ɗan kwali. "Akwai wannan. Ɗan tsinke ne mai laushi a kai. Ki shiga ban-ɗaki ke kaɗai, ki sa da hannunki, ki juya, ki mayar cikin kwalbarsa. Babu mai taɓa ki. Zai nuna ko ƙwayar cutar na nan. In babu, kin huta sai bayan shekaru. In tana nan, sai mu sake magana."

"Me ya sa ba ki faɗa ba ranar nan?"

"Ina shirin faɗa wata ta fasa faranti a fuskar wata."

Katinka ta so ta yi dariya, haƙarƙarinta ya hana. "Goggo Riet fa?"

"Ta ce in gaya miki in kin tambaya. Ya bazu, ya kai mafitsara da hanta. An sake ta daga gidan yari, ta koma wurin 'yarta a Delfzijl. Ba za ta dawo ba."

Da aka tambayi Katinka su wa suka dake ta, ta ce santsin sabulu ne. Shugabar sashen ta ce sabulun nan lallai yana da ƙafafu goma. Ba wadda aka hukunta. A makon ne aka cire takardar da ke ƙofa, Sista ta ci gaba da gwaji, kuma Thea ce ta fara shiga.

Katinka ta yi nata a ban-ɗaki. Bayan mako uku sakamako ya zo: ƙwayar cutar na nan.

"To, yanzu dole a duba," in ji Sista Wilma. "Ba wai kina da sankara ba ne. Amma sai na shafo wurin an gani."

"Ki sa su ɗaure ni. Hannu da ƙafa. In ba haka ba zan sake."

"Ba na ɗaure mace in buɗe ta. Ki nemi wata, ba ni ba." Ta miƙa mata bakin agwagwar, ƙarami, na roba, ta ɗumama shi a ruwa. "Riƙe. Ke za ki sa da kanki. Ni zan tsaya a nan inda kike ganina, sai kin ce in zo. Kika ce tsaya, na tsaya, ko da saura ƙiris. Ba namiji a bakin ƙofa, na riga na faɗa musu."

Zuwan farko Katinka ta hau gadon ta sauko, ta yi wurgi da abin ya daki bango. Zuwa na biyu ta yi amai a kwandon shara. A na uku ta sa shi. Ta kama ƙarfen gefen gadon da hannu biyu, jijiyoyin wuyanta suka miƙe, haƙoranta na ƙara.

"Zo," ta ce. "Yi sauri. Ki yi ta magana, amma ban da keke."

Sista Wilma ta tambaye ta yadda ake gane injin da ya sha ruwa. Katinka ta fara bayani cikin haki, tana zagi a tsakani, ƙafarta ta dama na tsalle tana danne ta da ƙarfin tsiya. Ba ta kai ƙarshen bayanin ba Sista ta ce, "Na gama. Cire abinki." Da ta sauko suka ga ƙarfen gadon ya lanƙwashe.

An samu wurin ya fara lalacewa, mataki na ƙarshe kafin ya zama sankara. Aka kai ta asibiti da ankwa, aka sa ta barci gaba ɗaya bisa roƙon Sista, aka yanke ɗan wurin da bai fi farcen babban yatsa ba. Likitar ta ce da an ƙara wasu shekaru, da wata magana ake yi. Kotu kuma ta ƙara mata wata takwas saboda hancin da cizon. Goggo Riet ta rasu a watan Afrilu. Katinka ta nemi izinin zuwa jana'iza aka hana ta, saboda tarihinta. Ranar ta naushi ƙofar ɗakinta har yatsu biyu suka karye.

Da hannun a naɗe ta shiga layin waya ranar Asabar. Tana da ƙanwa, Femke, mai shekara talatin da ɗaya, tana sayar da burodi a Assen, rabon da su yi magana tun ranar shari'a.

"Femke, ni ce. Kar ki kashe. An aiko miki da wata takarda bara, ta gwajin mahaifa?"

"Shekara biyu ba ki kira ni ba, sai yau ki tambaye ni takarda?"

"Kin je ko ba ki je ba?"

Femke ta kashe wayar. Katinka ta sake bugawa. Ta bayanta wata ta ce, "Malama, mu ma muna da 'yan'uwa fa." Katinka ta waiwayo ta dube ta, matar ta ja da baya taku biyu.

A bugu na huɗu Femke ta ɗauka. "Tana cikin durowar kicin," ta ce. "Ban buɗe ba. Mene ne wai? Yaya, lafiyarki ƙalau kuwa?"

"Je ki ɗauko, ina riƙe da waya. Ki buɗe ki karanta min, in gaya miki abin da za ki ce musu."

Ta ji an ajiye wayar a kan tebur, ta ji takun ƙanwarta, da ƙarar durowa da cokula. Ta jingina da bango tana jira, layin bayanta na ta gunaguni.